Wanda Aka Doka Bai Rama Ba, Rago Ne Ko Jarumi?

A wurin Bahaushe, namiji shi ne wanda in an mare shi ya rama. Wanda ya tsaya aka doke shi bai ɗaga hannu ba kuwa, ko yara sai su yi masa dariya. To, amma akwai mutanen da suka karɓi ƙasarsu daga hannun Turawa ta wannan hanya da ake rainawa, saboda haka maganar tana bukatar a sake dubawa.

Da farko ƙarfi aka gwada a ƙasar nan. A 1906 talakawan Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka tashi da gatura da fartanyu, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Ba a cika wata guda ba aka komo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe wajen mutum dubu biyu, aka rushe garin. Ba mai cewa mutanen nan ragwaye ne. Amma mai bindiga ba abin da ya fi so kamar a tare shi da gatari, gama a nan ne ya fi kowa.

A Indiya, wadda ita ma Ingila ke mulki, wani lauya mai suna Gandhi ya lura da wani abu. Turawa 'yan kaɗan ne, mulkinsu kuwa a kan 'yan ƙasa ya tsaya, watau akawuna da 'yan sanda da masu biyan haraji. In waɗannan suka janye hannu, mulki ya gurgunce. A lokacin gwamnati ta hana kowa dafa gishiri sai ita, ta kuma ɗora masa haraji. A 1930 Gandhi ya tashi a ƙasa da mutum 78, suka yi tafiyar mil 240 cikin kwana 24, ya isa bakin teku a Dandi, ya ɗebi gishiri a gaban kowa. Jama'a suka bi sawunsa, har aka ɗaure wajen mutum dubu sittin.

Kada mai karatu ya zaci abin na Hindu ne kaɗai. Abdul Gaffar Khan Musulmi ne, daga ƙabilar Patan waɗanda suka yi suna wajen ramuwa, amma ya rantsar da mutanensa ba za su rama ba. A watan Afrilu na shekarar nan soja suka buɗe musu wuta a kasuwar Peshawar. Ba su gudu ba, ba su rama ba, har waɗansu sojoji 'yan ƙasa suka ƙi yin harbi. Rago da ya ji ƙarar bindiga ba ya tsayawa. Ashe haƙuri iri biyu ne. Akwai na wanda aka zalunta ya sunkuya ya ce ranka ya daɗe. Akwai na wanda ya ce ba zai bi ba, ya kuma tsaya ya karɓi hukuncin ƙin bin. Suna ne kaɗai ya haɗa su.

A Jihar Arewa abubuwa biyu suka faru cikin watan Agusta na 1950. A Kano aka kafa jam'iyyar NEPU. A Kaduna kuwa, cikin zauren Lugard Hall, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe ya nemi a gyara mulkin En'e, alhali ba a saba jin irin wannan magana a fili ba. Malam Aminu Kano, wanda ya karanta labarin Gandhi ya kuma so hanyarsa, ya bar aikin koyarwa a Maru a shekarar nan, ya zama shugaban NEPU a 1953.

Sai dai a nan abin ya fi wuya. Bature ya ɓuya a bayan sarki. Wanda ya zo kamu ɗan doka ne, mai yanke hukunci alƙali ne, dukansu 'yan gari. Saboda haka wanda ya ƙi bin odar Razdan, a idon mutane sarkinsa ya raina, sai a ce ba shi da kunya. 'Yan NEPU da yawa sun sha bulala da ɗauri, Gambo Sawaba ta Zariya ma, ga ta mace, ta shiga kurkuku sau da yawa. A faɗi gaskiya kuma, ba duka ne suka riƙe harshe da hannu ba, ko a cikinsu ko a cikin abokan hamayyarsu. Gandhi kuwa, da mutanensa suka kashe 'yan sanda 22 a Cauri Caura a 1922, nan take ya tsai da gwagwarmayar duka, ko da yake manyan abokansa sun ji haushi.

Wani zai ce hanyar nan ba ta ci sai ga mai mulkin da ke da sauran kunya, kuma ba ta hana jini zuba ba sa'ad da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, shi kansa Gandhi ma harbe shi aka yi a 1948. Haka ne. Amma gatari an ga iyakarsa a Satiru.

Jihar Arewa ta sami mulkin kai ran 15 ga Maris 1959, shekara 56 daidai bayan Turawa sun ci Sakkwato, ba a harba bindiga ba sai ta biki. Harajin kai da jangali kuwa, waɗanda su ne gishirin talakan Arewa, sun daɗe bayan tafiyar Turawa. Sai a 1979 Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, gwamnonin jam'iyyar Malam Aminu, suka soke su.