Itacen Furanjifani Da Sanyin Hunturu

'Yan'uwa cikin Kristi, mu da mu ke zaune a Doka, arewa da kogin Kaduna, mun san hunturu sarai. Daga ƙarshen Nuwamba har wajen Fabrairu iska ta kan taso daga Hamada, ta arewa maso gabas, ta kawo hazo da ƙura. Wata shekara kuwa sanyi ya kan auko dare ɗaya, ba shiri.

A wannan lokaci mu kan ga wani itace tsaye tsirara, ba ganye. Shi ne mai farin fure da rawaya a tsakiya, mai ƙanshi da dare, wanda Turawa su ke ce da shi furanjifani. Asalinsa daga Meziko ne da tsibiran Karibiyan. Masana sun sa masa suna Fulumeriya don tunawa da wani fada Bafaranshe, Charles Plumier, wanda ya rasu a 1704. Ɗan ƙasar zafi ne. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, girmansa ya kan tsaya. In ya kai na daskarar da ruwa, kan rassansa ya kan yi baƙi ya ruɓe. A Kaduna ruwa ba ya daskarewa, babban itace ya kan jure. Sabon dashe ne abin tausayi.

To, me mai-lambu mai hankali ya kan yi? Ya kan kafa zana ta wajen da iska ke fitowa. Ya kan shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindi. Da magariba ya rufe dashen da buhu, da hantsi ya buɗe shi ya sha rana. Ya kan rage ban ruwa ƙwarai, gama itacen da ba ganye ba ya shan ruwa da yawa, saiwarsa kuwa ta kan ruɓe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi. Ba ya garajen sara kuma. Sai ya ɗan karce ɓawon. In farin ruwa kamar nono ya fito, ashe da sauran rai. Amma ya kiyaye idonsa, gama ruwan nan yana da dafi.

Yanzu fa bari mu duba cikin Ekklesiya. Akwai sababbin masu-bi da aka yi wa baftisma bara, yau kujerarsu ba kowa. Wani aikinsa ya ƙare, wata mijinta ya rasu, wani danginsa sun juya masa baya. Sanyi ya auko musu ba shiri, ganyensu ya zube. Mu kuwa me mu ka yi? Waɗansunmu sun ce, a share sunansu daga littafi. Waɗansu sun je sun yi ta kwarara musu faɗa da gargaɗi, har ɗan abin da ya rage a zuciya ya ruɓe.

Mu tuna da misalin itacen ɓaure da Ubangijinmu Yesu ya bayar cikin Luka sura 13. Shekara 3 mai-gona yana neman 'ya'ya bai samu ba, ya ce a sare. Mai-aikin gonar ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya, ya yi masa kaftu, ya zuba taki. Haka Mai-Cetonmu ya yi haƙuri da mu. Wanene a cikinmu bai taɓa zubar da ganye ba?

Saboda haka, a makon nan kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya daina zuwa sujada. Mu tafi gidansa mu gaishe shi, mu ji damuwarsa kafin mu buɗe baki. In ba shi da bargo, mu kai masa. In ba hatsi, mu auna masa mudu. Mu yi addu'a tare da shi, gajeriya. Sa'an nan mu koma wani mako, mu sake komawa.

Furanjifani ya kan fid da fure bayan hunturu, tun ruwan sama bai kankama ba. Allah ya ba mu haƙurin jira, kada ɗaya daga cikin ƙananan nan ya lalace ta wurin sakacinmu. Amin.