Tsatsa da Fenti: Magana bisa Gyaran Tsohuwar Mota

Muna so mu yi maku magana bisa wani aiki wanda mutane su ke tsammani na makanikai ne kaɗai, watau tayar da tsohuwar mota wadda ta daɗe a kwance a ƙofar gida. Kada wani ya ce wannan ba maganar hali ba ce. Gama halin mutum ba a bakinsa a ke ganinsa ba, sai a wurin da hannunsa ya yi aiki, tun ba wurin da ya sani ba mai duba bayansa.

Da wuya ka shiga gari a ƙasar Gobir ba ka tarar da irin motan nan ba, a gindin dogon yaro ko a bayan danga, tayoyinta sun nutse cikin rairayi, kaji suna ƙwai bisa kujerarta. Yawancinsu Peugeot ne, wadda mu ke kira Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa a shekara ta 1960, na 504 kuwa a 1968, a 1975 kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka yi ta yin 504 a can har bayan shekara ta 2000, tun Faransa ta daɗe da daina ta. Akori-kura ta wannan gida ita ce ta ɗauki gero da albasa da awaki da amare na ƙasan nan shekaru da yawa. Kafin ita akwai Bedford ta Ingila, wadda dattawa su ke kira Bilhodi, mai jigilar gyaɗa da auduga zuwa Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya tun 1929. A Ingila mawadata su kan gyara motar kakanninsu domin ado, har kowane watan Nuwamba a kan jera waɗanda aka ƙera kafin 1905 daga Landan zuwa Biraiton, mutane suna kallo. Mu a nan ba kallo mu ke nema ba. Wanda ya tayar da akori-kurar ubansa, rai za ya ɗora bisanta, da nasa da na maƙwabta. Domin wannan aikinsa ya fi na Baturen nauyi.

Ya ɗan'uwana mai karatu, kafin ka kwance noti ɗaya, zauna tukuna ka yi lissafi. Mota wadda ta shekara goma a kwance za ta nemi tayoyi da batir da kayan birki da walda da fenti, tun ba a taɓa inji ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ko shan man da za ta yi ma abin lissafi ne. Idan kuɗin gyaran daga rumbun da iyalinka za su ci za ya fito, to, ka bar ta tukuna. Ta jira shekara goma, za ta iya jiran kaka ɗaya. Mutane da yawa sun ci bashi, suka kwakkwance mota, kuɗi ya ƙare a tsakiya, yara suka watsar da notuna, daga baya aka sayar wa 'yan gwangwan bisa sikeli. Ka gaya wa matarka abin da ka ke nufi, da abin da za ya ci. Ita ma abincinta ne.

Yanzu fa sai mu dubi abokin gāba, watau tsatsa. Mene ne ita? Ƙarfe ne wanda ya gamu da ruwa da iska, ya koma jar ƙasa irin wadda aka narko shi daga cikinta. Maƙeran dā, waɗanda su ke fid da ƙarfe daga tama, sun san wannan sarai. Ƙasarmu ta yi sa'a, gama rani da hunturu busassu ne, ƙarfe kuwa ba ya ruɓa inda ba laima; shi ya sa motar da za ta zama gari a bakin teku wajen Ikko ta kan yi shekaru a nan da sauran ƙarfinta. Amma damina tana zuwa. Lakar fadamar Gulbin Rima ta kan manne a ƙarƙashin mota, a bayan taya, a cikin kwarin shasi, ta riƙe danshi makonni bayan ruwa ya ɗauke. Fitsarin dabbobi da gishiri da takin zamani su kan ci bayan akori-kura. Ruwan batir ya kan ci mazauninsa. Tabarmar roba wadda a ke shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙafar direba tana ɓoye ruwa, ƙarfen yana ruɓa ba mai gani.

Ga abin lura kuma. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, domin haka ta kan kumbura, ta ɗaga fenti, ta yi ɓawo-ɓawo, ɓawon kuma ya riƙe sabon ruwa, ruwan ya haifi sabuwar tsatsa. Ba ta hutawa, ba ta kuwa yin ƙara. Sa'anda ka ga ƙurji ɗaya ya taso a jikin fenti kamar ƙwayar wake, ka sani abin da ke ƙarƙashinsa ya kai tafin hannu. Ɗan hakin da ka raina, in ji mutanen dā, shi ke tsone maka ido.

Aikin gaskiya ga yadda ya ke. Ka jawo motar ƙarƙashin rumfa, ka wanke ta ciki da waje da ƙarƙashi, ka cire kujeru da tabarmi. Ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi jikinta kana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da tsarkin murya, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe ta ke, wani wuri ma gudumar za ta faɗa ciki. Inda tsatsa ta tsaya a fuska, ka kankare ta da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya fito, ka shafa jan fentin nan na ƙasa a ranar, kada raɓa ta kwana bisansa. Inda ta huda, ba magani sai yanka. A yanke ruɓaɓɓen duka har a iske mai lafiya, a yanko sabon falle daidai kaurinsa, a yi walda. Wannan aiki yana da jinkiri, yana da ƙura, ba wanda za ya wuce ya yaba maka, gama motar a kwanakin nan ta fi dā muni.

A nan ne gwaji ya ke zuwa. Akwai wani ƙulli da a ke sayarwa a gwangwani, wanda masu bugun mota su ke shafawa domin su daidaita ƴan lotsa-lotsa. Bisa lafiyayyen ƙarfe, da sirara, ba shi da laifi, don haka aka yi shi. Amma za a zo a ce maka, "Maigida, me ya kai ka wahalar yanka? Mu cusa takarda da ragar waya a ramin nan, mu shafe, mu fesa fenti, ko wanda ya ƙera ta ba za ya gane ba." Gaskiya ne kuwa, ba za ya gane ba, har wata shida ko shekara. Kuɗin kaɗan ne, kwana biyu an gama, motar ta fito tana walƙiya kamar amarya. Amma me ka yi? Ba ka kashe tsatsa ba, ɗaki ka gina mata, ka rufe ƙofa domin ta ci abincinta a natse. Idan ramin a jikin ƙofa ya ke, hasararka ce kaɗai. Idan a shasi ya ke, ko inda sifirin ya kama, to, ranar da aka ɗora buhu goma sha biyar da mutane a bisa, aka faɗa rami da gudu, ƙullin nan ba za ya ɗauki ko mudu ɗaya ba.

Mun ce wannan ƙarya ce, ko da ba a buɗe baki ba. Mutum ya kan yi ƙarya da harshe, ya kan yi da mudu, ya kan yi da fenti. Ta fenti ta fi muni, gama wanda za ta kashe bai ji ta ba balle ya yi gardama. Allah kuwa yana ganin ƙarƙashin mota kamar yadda ya ke ganin bisanta.

Injin ba shi da wuyar sha'ani kamar yadda a ke tsoro, haƙuri kawai ya ke so. Idan ya ƙi juyawa, kada ka ɗaura igiya a ja motar da ƙarfi cikin giya, za ka karya abin da ba ka da kuɗin saye. Ka cire fulogogi, ka zuba ɗan mai a kowane rami, ka bar shi kwana uku ko bakwai, kana gwada juya shi da sifana kaɗan-kaɗan, gaba da baya. Ka zubar da tsohon baƙin mai da tsohon fetur, gama fetur idan ya daɗe ya kan zama ƙaro ya toshe kafireto. Ka wanke lagireto. Kayan da suka mutu a kan same su a manyan kasuwannin ƙarfe, kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda har abin da aka daina yi a Turai maƙera su kan ƙera shi da hannu.

Birki ne a ke mantawa, gama murnar jin kukan inji ta kan ɗauke hankali. Man birki yana shan laima daga iska, bututunsa na ƙarfe su kan ci tsatsa ta ciki da waje, robobinsa su kan bushe su tsage. Mota wadda ta daɗe a kwance tana iya kama birki sau goma a ƙofar gida, ta ƙi a na goma sha ɗaya a bakin kasuwa. A sake mai duka, a sake robobi, a bi bututu da ido da yatsa tun daga gaba har baya. Haka kuma taya: ko zanenta bai cinye ba, idan rana ta tsattsaga gefenta, ta mutu. Kun kuma san halin da hanyoyinmu suka shiga tun wajen shekara ta 2019, sa'anda 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato har dubban mutane suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi. Mota wadda ta mutu da fasinja a tsakiyar daji da la'asar sakaliya, a irin wannan hanya, ba ɓata lokaci kaɗai ta jawo masu ba. Wanda ya san motarsa ba ta da lafiya, ya kuwa tsaya a tasha yana kiran mutane, ya ɗauki alhakinsu tun ba su hau ba.

Sai maganar yaron da ke taimakonka, ko ɗanka ne ko ɗan maƙwabci. Amana ne a hannunka. Kada ka tura shi ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai, balle a kan rairayi. A sa kututture masu kauri a ƙarƙashin shasi, a tare tayoyi da duwatsu. Kada a kai wutar walda kusa da tankin mai, ko an juye shi, gama tururin da ya rage a ciki shi ne ke fashewa, tankin da ba kome a cikinsa ya fi cikakke haɗari. Kada a bar inji yana aiki a cikin rufaffen ɗaki. A cikin hayaƙinsa akwai iska mai kisa wadda ba ta da wari, mutum ya kan ji barci ne kawai. Idan ƙarfe ya yanke shi, a wanke da sabulu, a kai shi asibiti a yi masa allurar ciwon sarƙewar haƙora. Ba tsatsar ce ke kawo ciwon ba, ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke, amma tsohon ƙarfe wanda ya kwanta a turɓaya shi ke kai ta cikin nama. Ka koya masa sunan kowane abu da dalilinsa, ka biya shi abin da kuka shirya ranar da kuka shirya. Yaron da ya ga maigidansa ya yanke tsatsa a wurin da ba mai gani, haka za ya yi sa'anda ya buɗe nasa gareji; wanda ya ga an cusa takarda, shi ma ya koya.

Wataƙila bayan ka gama za ka so ka sayar. Ba laifi, ribar guminka halal ce. Amma idan mai saye ya zo, ka zagaya da shi ka ce, "Malam, ga inda na yi walda, ga inda na shafa ƙulli, giya ta biyu tana fita idan an hau tudu, tayan nan na baya tsoho ne." Za ya rage maka kuɗi, wannan tabbas ne, kada mu ruɗe ka. Wani ma za ya tafi ya sayi mai walƙiya a wurin wanda bai gaya masa kome ba. Ka bar shi ya tafi. Dillali kuma idan ya ce ka yi shiru shi za ya yi magana, ka sani bakinsa naka ne, abin da ya faɗa kai ka faɗa.

Idan kuwa riƙe ta za ka yi, kada ranar farko ta zama ranar kasuwa; ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fita da sassafe, kai kaɗai, ba kaya, a fili inda ba yara. Ka yi tafiya a hankali, ka taka birki sau da yawa, ka tsaya ka leƙa ƙarƙashinta ko wani abu yana ɗiga, ka taɓa kowace ƙafa ka ji ko ta yi zafi. Gobe ka ɗora buhu biyu, jibi biyar, ka sake ɗaure notunan taya. Sa'anda ta yi mako ɗaya hakanan ba ta nuna wani aibi ba, sa'an nan ka ɗauki mutum. Idan damina ta faɗi, ka riƙa wanke lakar ƙarƙashinta kowane mako, ka ɗaga tabarmar direba ƙarfen ya sha iska.