Ledar da ke kan benci

A shekarar 2025 azumi biyu suka haɗu a Kaduna. Musulmi sun ɗauki na Ramadan ran 1 ga Maris, Katolika kuma suka shiga nasu na kwana 40 ran 5 ga wata, Larabar Toka. Da safen nan Fada ya zo wata makarantar mishan da ke wajen Malali, ya shafa wa yara toka a goshi, tokar ganyen dabinon bara da aka ƙona. Karatun ranar daga Matiyu sura 6 yake, inda ake maganar sadaka a ɓoye.

Bayan Misa, Sista shugabar makaranta ta ajiye asusu a kowane aji, ta ce mai iko ya rage kuɗin tara ya jefa domin mabukata. Monitan aji biyar, yaro mai rawar kai, ya ƙara nasa gishirin: ya ja layi a gefen allo, kullum yana rubuta suna da abin da mutum ya bayar. Nan da nan sadaka ta koma gasa.

Sunan Auta kaɗai bai hau allo ba. Gidansu na cikin 'yan tsirarun gidajen Kirista da suka rage a Rafin Guza tun bayan rikicin 2000, lokacin da da yawa suka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi. Babanta ɗan lambu ne a bakin kogin Kaduna, ambaliyar damina kuwa ba ta bar masa abin kirki ba. Naira ɗari ake ba ta kullum. Ba ta sayen komai a tara, ba ta kuma jefawa a asusu.

"Marowaciya! Tokar ma asara aka yi a goshinki," in ji wata.

Auta ta sunkuyar da kai.

A mako na uku, Baba mai gadi, dattijo Musulmi da shi ma daga Rafin Guza yake zuwa, ya tsaya a ƙofar ofis yana murza hula a hannu.

"Sista, godiya na zo yi. Allah ya saka da alheri."

"Ta me fa, Baba?"

"Ledar nan da nake tararwa a kan bencina in na dawo azahar. Dabino uku da ruwan leda, wani lokaci har da ƙosai biyu. Da ita nake buɗa baki, tunda sai bayan isha'i mai karɓata ke zuwa."

Sista ta ce ba daga ita ba ne. Washegari da aka tashi ta laɓe ta taga, ta ga Auta ta waiga hagu da dama, ta ajiye leda, ta ruga.

Sista ta so ta kira ta gaban asambuli a tafa mata. Da ta kwana da maganar sai ta fasa, kuma ina ganin ta yi daidai, don tafin zai mayar da yarinyar kan allon da ta guje wa. Da safe ta shiga aji biyar, ta miƙa wa monita dasta.

"Goge wannan layin. Daga yau abin da ya shiga asusu, tsakanin mai shi da Allah ne."

Baba dai ya gano da kansa. Mai dabinon bakin titi ce ta tsegunta masa. Ran 30 ga Maris, da aka sauko Idi, ya yi sallama a gidansu Auta da kwanon tuwon shinkafa da miyar kaza. Uwar ta fito tana gyara ɗankwali.

"Baba, ina hidima? Barka da Sallah."

"Barkanmu dai. Na ji an ce ba kwa cin nama ran Juma'a a azumin nan naku. To, yau Lahadi. Kira min 'yata ta zo ta karɓa da hannunta."