Rabon Baƙo Yana Cikin Tukunya

'Yan'uwa, a nan Agege yawancinmu muna fita kasuwa bayan Asuba, cunkoson Legas ya riƙe mu sai Isha'i. Matanmu ma kowa da sana'arta. Shi ya sa shayi da burodi, indomi da shinkafar leda suka zama abincin gidajenmu. Laifi ne? A'a, halak ɗinmu muka saya. Amma akwai abin da muke asara.

Abincin saye ƙirgagge ne: mutum biyar, leda biyar. Baƙo na yin sallama sai a shiga kallon-kallo. Ita kuwa tukunya ba ta ƙirga baki. Uwargida ta ƙara gari a tuwo, ta ƙara ruwa a miyar kuka, ɗan'uwan da ya sauko daga Arewa da tirela ya ƙoshi, a miƙa wa maƙwabcinmu Bayarabe nasa kwanon. A nan yaranmu ke ganin kyauta da idonsu, su tashi da ita.

Sai dai kar mu jibga wa mata aikin su kaɗai. Maigida ya yi cefane, ya cika gas, yara su gyara kayan miya. Ko ranar Juma'a kaɗai ce, mu ɗora tukunya.

Allah Ya sa albarka a abincinmu.