Shin Daidai Ne A Nemi Cuta A Jikin Mai Lafiya?

Bisa ga al'ada, majiyyaci shi ke neman likita. Amma a shirin binciken sankarar mama abin ya juya, domin hukuma ce ke aika wa mace takarda, tana zaune lafiya lau, ta ce ta zo a ɗauki hoton cikin nononta. To, wanda ya kirawo mai lafiya, haƙƙin da ke wuyansa ya fi na wanda majiyyaci ya zo ya iske. A kan wannan haƙƙi ne nake so mu yi tunani.

Mu ɗauki misalin ƙasar Birtaniya. Bayan rahoton Forrest na 1986, an fara wannan shiri a 1988, ana kiran mata masu shekara 50 zuwa 64 sau ɗaya a cikin kowace shekara uku. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa shekara 70, sa'an nan a 2009 aka soma gwaji a Ingila a ga ko ya dace a haɗa da masu shekara 47 zuwa 73. Mai karatu zai ce ai wannan ba abin gardama ba ne, tun da rigakafi ya fi magani.

Amma fa da sauran magana. A 2012 kwamitin Farfesa Michael Marmot ya ƙiyasta cewa shirin yana tsamo mata wajen 1,300 daga halaka kowace shekara. Har ila yau ya ce akwai wasu wajen 4,000 da ake gano musu ƙari, a yi musu aiki ko gashi, alhali kuwa da an ƙyale shi da bai cuce su ba har ƙarshen ransu. Watau duk rai ɗaya da aka ceta, mata uku sun sha wahalar maganin da ba su bukata. Abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne, likita ba ya iya bambance su, kuma dukansu godiya suke yi masa.

Babu shakka rai ya fi wahala nauyi a ma'auni. Sai dai wahalar ta wata ce, ribar kuma ta wata, saboda haka hukuma ba ta da ikon yanke wa mace hukunci a ɓoye. Wajibinta ne ta shimfiɗa mata gaskiya, amfani da illa, ta bar ta ta zaɓa. Abin da aka yi ke nan a 2013, lokacin da aka sake rubuta takardar bayanin da ake aika wa matan Ingila.

Akwai kuma sharaɗi na biyu. Tun a 1968 Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kada a nemi cuta sai an tanadi maganinta. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a ƙasarmu yawancin mata ba su isa asibiti sai ciwo ya ci jiki, wurin gashi kuwa kaɗan ne, ga tsada. Gaya wa mace tana da sankara, sa'an nan a sallame ta hannu wofi, zalunci ne.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, in kun ji an ce za a faɗaɗa irin wannan shiri, ku tambaya: an gaya wa matan gaskiya? An kuma tanadi magani? In duka biyun sun samu, to, madalla. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.