Iskar Da Ke Kai Saƙo Cikin Mahaifa

Ya 'yan'uwa, Suratul Mu'minun ta jera mana matakan halittar ɗan Adam, daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini, zuwa tsoka. To, tun tayi bai kai kan allura ba, ƙwayoyin halittarsa ke aika wa juna saƙo, kuma cikin 'yan aiken har da iska.

Akwai nitirik oksaid, wadda bincikenta ya jawo wa masana uku kyautar Nobel a 1998. Tana buɗe jijiyoyin jini, tana kuma taimakon tayi ya kama bangon mahaifa wajen kwana 6 zuwa 7. Akwai kuma kabon monoksaid, wadda jiki ke yi kaɗan-kaɗan don amfanin mabiyiya.

Abin lura, ta biyun nan ita ce dafin hayaƙin gawayi, janareta da taba. Ubangiji Ya sa mata awo. In ta wuce shi, sai ta hana jinin uwa kai wa jariri iskar rayuwa.

Saboda haka, maigida, amanar cikin nan tana wuyanka. Kada mai juna biyu ta kwana a rufaffen ɗaki da kaskon gawayi, ko janareta a gindin taga. Allah Ya sauke su lafiya, amin.