Ba Kowane Tabo ne Kuturta Ba

A ikilisiyoyinmu akwai 'yan'uwa da suka janye daga Jibin Ubangiji saboda fatar jikinsu. Baƙaƙen tabo sun fito musu a fuska da wuya, gashi ya zube, farata sun tsattsage, aka fara gudun shan hannu da su. Waɗansu suka ce kuturta ce, waɗansu suka ce sammu ne ko hukuncin wani ɓoyayyen zunubi.

Sai mu buɗe Littafin Firistoci sura 13. Shari'ar Musa ba ta yarda a yanke hukunci da kallo ɗaya ba. Firist yakan duba, in abin bai bayyana ba ya keɓe mutumin kwana 7, ya sāke dubawa, wani lokaci ya ƙara 7. Aya ta 40 ta ɗauki mai sanƙo a kan tsarkakakke ne. Abin kunya ne a ce mu da muke ƙarƙashin alheri mun fi firistocin nan gaggawa.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke kawo waɗannan alamu ita ce wadda likitoci ke kira laiken filanus. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi fatar mai ita. Takan fara da ƙuraje masu ƙaiƙayi a wuyan hannu da idon sawu, in sun kwanta su bar baƙin tabo, wanda kan daɗe ƙwarai a jikin baƙar fata. Wajen mutum 1 cikin 10 takan taɓa masa farata. Ba a ɗaukarta ta hannu, ko ta ƙoƙo, ko ta zama benci ɗaya. Kuturta kuwa ƙwayar cuta ce da Hansen ya gano a Norwe a 1873, tabonta ba ya jin taɓi, kuma tun 1995 kyauta ake ba da maganinta. Ko ita ɗin ma, Markus sura 1 ta nuna mana Ubangijinmu ya miƙa hannu ya taɓa mai ita.

Ga inda jinkiri ke da tsada: in kumburin ya bar tabo a fatar kai, saiwar gashi ta mutu, ba ya sāke tsirowa. Watannin da aka ɓata ana ɓoyewa a cikin ɗankwali su ne watannin da magani zai yi aiki. Man bilicin da ake saye a kasuwa kuma, sau da yawa ƙara duhun tabon yake yi.

Saboda haka, dattawa da shugabannin zumuntar mata, ku yi addu'a tare da mai fama, sa'an nan ku raka shi wurin likitan fata. In kuɗin mota ne matsalar, a buɗe asusun taimako na ikilisiya.